Ranar da Auta Ta Buge Baffanta a Kunne

Akwai wani mai haɗa tabarau da ake kira Bahago. A filin tanis ya samo sunan, don da hagu yake riƙe raket. Sunan ya bi shi shago, ya bi shi gida, har matarsa ma idan tana son tsokanarsa da shi take kiransa.

Shi da yayansa suke wasa tare, bibbiyu: su biyu a gefe ɗaya na raga, wasu biyu a ɗaya gefen. Yayan malamin sakandare ne, dogo mai faɗin kafaɗa. A fili Katanga ake ce masa, domin idan ya tsaya a bakin raga, duk ƙwallon da aka bugo sai ta koma wa mai ita. Tun suna samari haka suke, Yaya a gaba, Bahago a baya yana gudu.

Bahago yana da wani hali da duk 'yan filin suka san shi da shi. Idan ya ɓarar da ƙwallo, ba ya barinta ta wuce. Zai tafi da ita gida, ya ci abinci da ita, ya kwana da ita, washegari ya zo shago yana yi wa masu jiran tabarau bayanin yadda ta kuɓuce masa.

Ranar da abin ya faru, suna dawowa ne daga gasa a wani gari. An cire su ana dab da wasan ƙarshe. Ƙwallon da ta kashe wasan ta zo wa Bahago ta sama, a hankali, irin wadda ko ɗan koyo ba zai ɓarar ba, shi kuwa ya maka ta a raga.

A motar Bahago suke, shi ke tuƙi. Tun da suka bar fili yake maganar. Yaya ya ce masa ta wuce, ya ce ya sani, ya ci gaba. Yaya ya kwantar da kujera ya lumshe ido. Bahago ya ce ai ya gano matsalar, kafaɗa ce bai juya da wuri ba. Don ya nuna yadda ya kamata ya yi, sai ya saki sitiyari, ya ɗaga hannun hagu sama, ya juyo yana cewa, "Yaya, duba, da haka na yi..."

A daidai wurin hanyar ta karkata. Motar ba ta karkata ba. Gefen da Yaya yake ne ya daki ƙarfen gada.

Bahago ya fito da ƙafarsa, ƙwarzane kawai a goshi. Yaya kuwa sai da aka yanke ƙofa aka zaro shi. Ƙugu ya tsage, gwiwar dama ta farfashe.

Bahago bai yi kuka ba, ko a wurin, ko a asibiti. Masu zuwa jaje suka zo, ya amsa musu yadda ake amsawa. Da aka sallami Yaya, shi ma ya koma shago.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin kantin magani da wurin masu ɗinkin labule. Da safe zai ɗaga ƙofar ƙarfe, ya goge madubi, ya kunna injin da ke goge gefen gilashi. Injin yana gurnani, ruwa yana ɗiga a kan dutsen, farin gari yana taruwa a ƙasa. Zai ɗauki ɗan mitsitsin sukudireba ya ɗaure ƙafar tabarau, ya ɗora wa mai shi a hanci, ya tambaye shi ko yana gani. Aikinsa bai taɓa fita tsaf kamar na wannan lokacin ba. Sai dai ya daina hira. Tsofaffin da suka saba zuwa a gyara musu tabarau don su sha labarin ƙwallo suka riƙa karɓar kayansu suna tafiya.

A gida duk abin da aka ajiye masa zai ci. Idan matarsa ta tambaye shi ko gishiri ya ji, sai ya dubi kwanon ya ce ya ji. Ba ya jin yunwa, ba ya jin ƙoshi. Ba baƙin ciki yake ji ba, da shi ne ma da sauƙi. Ji yake kamar an yi masa allurar kashe zafi a duk jiki, an manta ba a gaya masa yaushe za ta sake shi ba.

Abu ɗaya ne ke motsi a kansa: hannun nan da ya ɗaga. Yana ganinsa yana tashi daga kan sitiyari, ya kai sama, sai hoton ya koma farko. Haka yake juyawa kamar fankar shago, tun safe har ya rufe.

Bai ƙara tuƙi ba. Motar haya yake shiga, ya zauna a baya, idonsa a kan gwiwoyinsa.

Kullum da yamma yana zuwa gidan Yaya, bai taɓa fashi ba. Amma a baranda yake tsayawa, ya miƙa wa matar Yaya ledar lemo da ayaba, ya tambayi mai jiki. Ita da a da ba sa haɗuwa ba su yi faɗan wasa ba, tana ce masa ƙaramin miji mara cefane, ta gwada tsokanarsa har ta gaji. Murmushin da yake yi wa masu sayen tabarau shi yake yi mata.

Idan ta matsa ya shiga falo, sai ya tsaya a jikin ƙofa, idonsa a kan tayar keken da Yaya ke zaune.

"Yaya, ya jiki?"

"Da sauƙi. Zauna mana."

"Na bar shago a buɗe."

Shagon a rufe yake, kuma dukansu sun sani.

Da ƙashin ya haɗe, likita ya ce saura babban aikin. Dole a riƙa kai Yaya asibitin ƙashi da ke can ɗaya ƙarshen gari, ana gasa gwiwar ana lanƙwasa ta a kai a kai. Ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: idan aka yi jinkiri, gwiwar za ta sandare yadda take, kuma abin da ya sandare ba lallai ya dawo ba.

Motar Yaya tana nan a tsakar gida ƙarƙashin bishiya, ganye ya rufe gilashinta. Matarsa ba ta iya tuƙi ba. A nan ne Yaya ya kafe: ba zai shiga mota ba sai wadda Bahago ke tuƙawa.

Bahago ya turo tasi, Yaya ya ce a gaishe da direban a sallame shi. Maƙwabci ya ce zai riƙa kai shi, Yaya ya yi godiya ya ce ya hutar da shi. Abokan aikinsa malamai suka zo suka yi magana, ya saurare su har ƙarshe, ya sa aka kawo musu shayi.

Wata yamma matar Yaya ta tare Bahago a baranda, idonta jawur. Ta ce ta yi roƙo, ta yi fushi, ta ce wa mijin caca yake yi da ƙafarsa. Amsar da ya ba ta ita ce, gwiwa ya rasa a hatsarin, ba zai zauna yana kallo ya rasa ƙani a kai ba. Ta damƙa wa Bahago makulli a hannu, ta ce don Allah.

Ya je ya buɗe motar ya zauna. Ya ɗora hannu a kan sitiyari. Ba tsoro ya ji ba, babu abin da ya ji. Ƙafarsa ce kawai ta ƙi tashi. Ya daɗe a haka, sannan ya fito, ya ajiye makullin a bakin taga, ya tafi. A ransa magana ɗaya ce, kuma yana ganin gaskiya ce: wanda ya yi abin da ya yi bai kamata a sake ba shi amanar mutum ba.

Makonni suka shuɗe. Ƙafar Yaya tana miƙe a kan katako, kullum tana ƙara tauri.

Yaya yana da 'yar auta, budurwa da ta gama sakandare, kowa Auta yake ce mata. Uban ne ya koya mata tanis tun raket ya fi ta tsawo. Siririya ce, amma idan ta ɗaga ƙwallo ta buga sabis, wato bugun da ake fara kowane maki da shi, sai ka ji ƙararsa daga bakin titi.

Wata rana da hantsi ta shigo shago. Ta ce kulob ɗinsu ya shirya gasar 'yan gida ɗaya, kuma tun kafin hatsarin aka sa sunanta da na Baba. Tunda Baba ba zai iya ba, an yarda wani daga cikin dangi ya maye gurbinsa.

Bahago bai kashe injin ba. Ya ce ya daina wasa.

"Baffa, ni ban ce ka ji daɗi ba," in ji ta. "Tsayawa kawai za ka yi, don a ce mu biyu ne."

Ya ce ta nemi wani. Ta ja kujera ta zauna gaban madubi, ta shiga gwada tabarau ɗaya bayan ɗaya, na tsofaffi da na yara, tana tambayarsa wanne ya fi sa ta kama da shugabar makaranta. Masu sayayya suka zo suka tafi, tana nan. Daga ƙarshe ya ce to. Ba don yana so ba. Ƙi yana buƙatar ƙarfi, shi kuwa ba shi da shi.

Filin yana ƙarshen layin su Yaya, bayan wata makaranta, don haka ba a buƙaci mota ba. Auta da mahaifiyarta suka turo Yaya a keke, suka ajiye shi a bayan wayar da ta kewaye filin, dab da bencin da 'yan wasa ke hutawa. Bahago ya san yana wurin. Ya ajiye jakarsa a kan bencin ba tare da ya ɗaga kai ba.

Abokan karawarsu wani likitan haƙori ne da matarsa. Likitan mai baki ne, tun daga nesa ya fara. Ya ce wa Bahago ashe yana raye, shi ya ɗauka ya koma wasan ludo. Ya ce wa Auta ta yi haƙuri, yau an haɗa ta da kayan tarihi. Auta ta ce ya tanadi numfashinsa, zai buƙace shi.

Masu wasan bibbiyu suna da wata ɗabi'a. Duk makin da aka gama, an ci ko an sha kashi, abokan wasa sukan matso su tafa hannu kafin kowa ya koma wurinsa. Ba murna ba ce, don ko kai ka ɓarar za a miƙo maka. Ma'anarta kawai: wancan ya wuce, ina nan, mu je na gaba.

Sannan akwai yadda ake tsayuwa. Idan ɗaya zai buga sabis daga layin baya, ɗayan yakan duƙa a kusa da raga, ya ba shi baya. Ƙwallon za ta wuce ta gefen kansa da gudu, shi kuma ba ya ganin tahowarta.

Zagayen farko su Bahago ne suka ci. Bahago ya yi wasa kamar injinsa na shago: ƙwallo ta zo, ya mayar. Auta tana tsalle, tana rugowa bayan kowane maki, hannunta a buɗe. Nasa hannun yana tashi da kansa ya tafa. 'Yan kallo suna cewa ashe Bahago bai manta ba. Shi dai yana jin muryoyinsu kamar daga wani ɗaki.

A zagaye na biyu sabis ya zo kan Auta. Bahago ya duƙa a bakin raga. Likitan haƙori ya ce mata ta turo a hankali, shi mai iyali ne. Ta yi dariya, ta cilla ƙwallo sama, ta zuba duk ƙarfinta.

Ƙwallon ta karkace. A bayan kunnen hagu ta sami Bahago.

Ya ji ƙara kamar an rufe ƙofar ƙarfe a cikin kansa. Tabaransa ya yi tsalle ya faɗi can. Ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, wani abu mai ɗumi yana gangarowa wuyansa. Ƙafar tabaran ce ta yanke shi.

Aka tsayar da wasa. Likitan ya tsallako raga ya duba, ya ce yankan ƙarami ne, kunne dai ba fanninsa ba ne amma haƙora suna nan lafiya. Aka goge jinin, aka manna filasta. Bahago ya ɗauki tabaran, ya miƙar da ƙafar da yatsa, ya mayar a fuska.

Auta tana tsaye, raket a ƙasa, hannu biyu a baki. "Baffa, yi haƙuri," take ta faɗa, har muryar ta ɗauke. Ya ce ba komai, su ci gaba.

A tanis mai sabis yana da dama biyu, idan ta farko ta lalace akwai ta biyu. Auta ta ɗaga ta biyun, ta ɗan taɓa ta kamar mai tsoron ta fashe. Ko raga ba ta haye ba. Bahago ya juyo ya miƙa hannu. Ita kuwa ta riga ta juya baya, ta tafi ɗauko ƙwallo a jikin waya. Hannun ya tsaya a iska, ya sauke shi.

Daga nan wasan ya canza. Auta ta daina buga sabis da ƙarfi. Tana turo shi a sanyaye, can nesa da inda Baffanta yake. Abin da ba ta lura ba shi ne, sabis mai laushi wanda ke bakin raga ne yake shan wahalarsa, don abokan karawa suna samun sararin narko ta yadda suke so. Matar likitan ta narko ɗaya ta sami Bahago a cinya. Ta narko wata ta wuce ta gefen fuskarsa.

Idan ƙwallo ta zo tsakiya, Auta sai ta janye raket ta bar masa, don kada ta sake kusantarsa. A hankali ta koma can kusurwa ta maƙale. Bahago ya riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, shi kaɗai a gaban mutum biyu, numfashinsa yana fita da ƙyar.

Bayan kowane maki yana miƙa hannu. Bayan kowane maki tana sunkuyar da kai, tana gyara zaren raket ɗinta da ba abin da ya same shi. Ya kira sunanta, ta gyaɗa kai ba ta dube shi ba.

Aka cinye su a zagayen, ba su ko yi motsi ba.

Yana tafiya benci ya ji wani abu yana tasowa daga cikinsa zuwa ƙirji, mai zafi. Sai da ya zauna ya gane mene ne, don ya daɗe bai ji irinsa ba. Haushi ne.

Auta ta zauna can ƙarshen bencin, tawul a kanta. Ya ce ta matso, ba ta matso ba. Ya ce ta dube shi.

"Da a ido ne fa, Baffa?" ta ce daga cikin tawul.

"Ba a ido ba ne."

"Amma da ka ɗan juyo..."

"Ban juyo ba." Muryarsa ta fito da kauri, har shi ma ya ji ta baƙuwa. "Kunnen nan ya daina zafi tun ɗazu. Sau ɗaya kika buge ni, ba da gangan ba, an sa filasta an wuce wurin. Amma tun daga lokacin ni kaɗai nake cikin filin nan. Ina miƙo hannu, kina kallon ƙasa. Ke a ganinki nauyina kike ji. Ni kuwa barina kika yi, kuma wannan ya fi ƙwallon zafi."

Auta ta zame tawul ɗin daga kanta.

Sai wata murya ta fito daga bayan waya, a natse, irin muryar da ake karanta sunayen 'yan aji da ita.

"Ɗaga murya kaɗan, Bahago. Akwai wanda bai ji ba."

Bahago yana riƙe da gorar ruwa, ta tsaya a rabin hanya. Ya juya. Tun ranar gadar nan bai dubi fuskar yayansa ba sai yanzu. Ta rame. Furfura ta cika gemun. Babu fushi a cikinta, babu dariya, gajiya ce kawai irin ta wanda ya daɗe yana jiran mota a bakin hanya. A gabansa ƙafar tana miƙe sambal kamar ba tasa ba.

 Alƙalin wasa ya ce lokaci ya yi.

Da sabis ya sake zagayowa kan Auta, Bahago ya je ya duƙa a daidai inda ya duƙa ɗazu, ya ma ƙara matsawa tsakiya. Bai kare kansa da raket ba. Ya ce mata, ba tare da ya waiwayo ba, ta buga da ƙarfi yadda ubanta ya koya mata.

Ya ji tana buga ƙwallon a ƙasa, ta daɗe tana yi. Sannan iska ta wuce ta gefen kunnensa. Ƙwallon ta fita waje. Ta biyun ta faɗa cikin layi, da nauyinta, likitan ya kai raket a makare. Bahago ya juyo. Auta ta taho a hankali, ta taɓa tafinsa da yatsu masu sanyi, ta koma da sauri. Na gaba ta tafa sosai.

Sun yi wasa mai kyau a zagayen ƙarshe, amma likitan da matarsa sun fi su, kuma su suka ci. Aka gaisa a bakin raga. Likitan ya ce wa Auta nan gaba idan za ta harbi wani ta zaɓi na ɗaya gefen, ta ce tana nan tana ajiye masa.

Da aka tashi, matar Yaya ta kama keken za ta tura. Bahago ya ce ta bari. Ya rataya jakarsa a kafaɗa ya kama hannun keken, suka bi layin.  Tayar ta faɗa wani ɗan rami, Yaya ya ce, "A hankali, malam, ƙafa ɗaya ta rage min." Matarsa ta harare shi. Bahago ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai ya ji kafaɗun Yaya suna rawa. Dariya yake yi.

A gida Bahago ya share ganyen da ke kan motar, ya tambayi makulli. Batir ya mutu saboda zama, sai da aka kira makanike.

Washegari da safe aka tura kujerar gaba baya iyakar inda take zuwa, aka shigar da Yaya da ƙafarsa a miƙe. Bahago ya zauna. Wannan karon ya ji tsoro, na gaske. Ya tayar da mota, ta mutu a bakin ƙofa. Ya sake tayarwa.

A kan titi hoton hannun nan ya dawo masa, kamar kullum. Bai iya korarsa ba. Amma akwai mai babur a gabansa, akwai fitilar hanya da ta koma ja, dole ya dube su. Yaya ya ce kada ya damu da asibiti tukuna, ya kai su mahaɗar can kawai. Da suka wuce ta, ya ce saura ta gaba. Motoci suna ta yi musu ham suna wucewa, wani direban bas ya leƙo ya tambaya ko ƙwai suka ɗauko. Haka suka ratsa garin, mahaɗa bayan mahaɗa.

A asibiti wata mai gashin ƙashi ta kwantar da Yaya a kan gado mai tsawo. Ta kama ƙafar ta fara lanƙwasawa. Yaya ya damƙe ƙarfen gadon, gumi ya keto masa, gwiwar ta ɗan motsa ta tsaya. Matar ta sake gwadawa, sannan ta sauke ƙafar a hankali.

Ta ce ba za ta ɓoye musu ba, an makara. Idan aka dage, zai yi tafiya, wataƙila da sanda. Hawa bene zai riƙa ba shi wahala. Wani abu zai dawo, wani kuma ya tafi ke nan, kuma da an zo da wuri da ba haka ba. Ta tambayi me ya tsayar da su.

Yaya ya ce mai kawo shi ne ya yi jinya.

Bahago yana tsaye kusa da ƙofa. Ya ji kowace kalma, kuma wannan karon kowacce ta shige shi. Hatsarin ya karya gwiwar, amma makonnin da ya yi yana tsaye a baranda su suka sandarar da ita. Idanunsa suka cika, tabaran ya yi hazo. Ƙofar tana bayansa, a buɗe, kuma ƙafafunsa sun san hanya.

Ya cire tabaran ya goge da gefen riga. Ya tako zuwa bakin gadon, ya tsaya inda Yaya zai iya kama shi idan zafin ya dawo.

Mai gashin ƙashin ta ce aikin mai tsawo ne, kuma ba ya son fashi. Ta tambayi wa zai riƙa kawo shi.

"Ni ne," in ji Bahago.

Ta ce to ya riƙe masa kafaɗa, za a sake.

Darasi: Kuskure sau ɗaya yake faruwa, amma tsayawa a kansa kullum yana ƙara wata ɓarnar. Idan ka cutar da wani ba da niyya ba, ka nemi gafara, ka gyara abin da zai gyaru, sannan ka dawo kusa da shi. Gudun haɗa ido ba nadama ba ce, barin mutum ne shi kaɗai a lokacin da ya fi buƙatarka. Ƙwallon da ta wuce ba ta dawowa, wadda ke tahowa ce take jiran hannunka. Idan ka san wani da har yanzu yake tsaye a baranda, ka tura masa wannan labarin, ku kuma yaɗa shi don ya kai ga masu buƙatarsa.